'Yan Kwana-Kwana Na Sa-Kai A Amurka: Ga Kashe Gobara, Ga Neman Kuɗi

A ƙasar Amurka, wadda ake lissafawa cikin ƙasashen da suka fi arziki a duniya, yawancin 'yan kwana-kwana ba su karɓar albashi. Ƙididdigar da Ƙungiyar Rigakafin Gobara ta Ƙasa, watau NFPA, ta fitar game da shekarar 2020 ta nuna cewa akwai 'yan kwana-kwana wajen 1,041,200 a ƙasar, kuma 676,900 daga cikinsu 'yan sa-kai ne, watau kashi 65 cikin 100. Manoma ne da makanikai da malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan ofis, maza da mata, waɗanda da zarar an yi kira sai kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya nufi tasha. Daga cikin rundunonin kashe gobara 29,452 da aka ƙirga a wannan shekara, 18,873 babu ko mutum ɗaya mai albashi a cikinsu.

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne, a garuruwa da ƙauyuka masu yawa waɗannan mutane su ne kuma ke neman kuɗin da za a sayi motar kashe gobara, da man da za ta sha, da rigunan da za su sa su shiga wuta. Mutumin da ya kwana yana fama da gobara ran Juma'a, shi ne za a tarar ran Asabar yana gasa kaji a bakin tasha domin a sami na biyan bashin banki. Wannan nauyi biyu da aka ɗora wa mutum guda yana cikin manyan abubuwan da ke rage yawan 'yan sa-kai, har ya kai wasu tashoshi ga rufewa.

Asalin Al'amarin

Tarihin wannan tsari ya girmi ita kanta ƙasar Amurka. A watan Disamba na shekarar 1736, shekara 40 kafin ƙasar ta ayyana 'yancin kanta, Benjamin Franklin da wasu abokansa suka kafa wata ƙungiya mai suna Union Fire Company a birnin Filadelfiya. Ko wane ɗan ƙungiya ya yi alkawarin tanadar bokitan fata na ɗibar ruwa, da buhunan yadi na kwashe kaya daga gidan da ya kama wuta, duk da kuɗin aljihunsa. Sukan yi taro wata-wata, wanda bai zo ba a ci shi tara, kuɗin tarar kuma a haɗa a sayi tsani da ƙugiya da injin fesa ruwa. Ke nan tun ranar farko ɗan sa-kai ne ke ba da ƙarfinsa, shi ne kuma ke ba da kuɗinsa.

A wancan zamani tsarin ya dace, gama kayan aikin ba su fi ƙarfin ɗan kasuwa ko mai sana'a ba. Abin ya yi kama da aikin gayya: kowa ya zo da abin da yake da shi, a taru a taimaki maƙwabci, gobe kuma a taimake ka. Amma da birane suka bunƙasa sai al'amura suka canja. Ƙungiyoyi suka yawaita, gasa ta shiga tsakaninsu, har akan ba hammata iska a kan titi a kan wanda zai fara kama famfon ruwa, alhali gida yana ci da wuta. Wannan na cikin dalilan da suka sa birnin Cincinnati ya kafa runduna mai albashi a 1853, tare da injin mai aiki da tururi. Birnin Niyu Yok ya bi sahu a 1865, Filadelfiya kuwa, mahaifar tsarin, a 1871.

Ƙananan garuruwa da ƙauyuka ba su da harajin da zai ɗauki albashin ma'aikata dare da rana, saboda haka suka ci gaba da dogara ga 'yan sa-kai har wa yau. A jihohi irin su Fensilbaniya, yawancin waɗannan rundunoni ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, da rajistarsu da shugabansu da ma'ajinsu. Su ke da ginin tasha, su ke da motoci, su ke da bashin da ke kan motocin. Ƙaramar hukuma takan ba da gudummawa gwargwadon abin da ta ga dama, sauran kuma ƙungiya ta san inda za ta samo.

Tsadar Kayan Aiki

Bokitin fata ya daɗe da zama tarihi. Ɗan kwana-kwana na yau ba ya shiga gidan da ke cin wuta sai da riga da wando masu jure zafi, da hular kwano, da safar hannu, da dogon takalmi, da tukunyar iskar shaƙa a bayansa, da rediyon magana a ƙirjinsa. Majalisar 'Yan Kwana-Kwana Na Sa-Kai ta Ƙasa, watau NVFC, wadda aka kafa a 1976, ta ƙiyasta cewa horar da mutum guda da ba shi cikakkun kayan aiki na iya haura dala 20,000. Bugu da ƙari, ƙa'idar NFPA ta ce rigar shiga wuta ba ta wuce shekara 10 daga ranar da aka ɗinka ta, ko da kuwa ba a sa ta sosai ba. Tashar da ke da mutum 25 ta san cewa ko wace shekara goma akwai babban kashe kuɗi da ke jiranta, ko an yi gobara ko ba a yi ba.

Ba don ado aka kafa waɗannan ƙa'idodi ba. Kayan ɗaki na zamani, katifu da kujeru da labule, yawancinsu roba ce da soso, suna kama wuta da sauri suna fitar da hayaƙi mai guba. Gwaje-gwajen da masu binciken kamfanin UL suka yi sun nuna cewa lokacin da mutum ke da shi na tsira daga ɗakin da ya kama wuta ya ragu daga wajen minti 17 a da, zuwa wajen minti 3 a gidajen zamani. A shekarar 2022 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin ayyukan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Saboda haka ana bukatar injin wanki na musamman, da rigar canji, da duba lafiyar ma'aikata a kai a kai, kuma ko wanne da farashinsa.

Babbar matsala ita ce mota. Sabuwar motar fesa ruwa a 'yan shekarun nan takan kai wajen dala miliyan 1, mai dogon tsani kuwa wajen dala miliyan 2, sa'an nan wanda ya biya yakan jira shekara biyu ko uku ko fiye kafin a kawo masa. Ƙananan masana'antu da dama an saye su an haɗe, har kasuwar ta koma hannun manyan kamfanoni uku, watau REV Group da Oshkosh da Rosenbauer. A 2025 wani ƙaramin kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna ya saurari koke-koke a kan hauhawar farashin da jinkirin. Kamfanonin sun ɗora laifin a kan tsadar kayan ƙira da ƙarancin ma'aikata da yawan odar da ta biyo bayan annobar korona. Ko ma mene ne dalili, manyan birane ma suna kuka, balle ƙauyen da mutanensa ba su wuce dubu biyu ba. Abin da ya rage wa irin wannan ƙauye shi ne ya sayi tsohuwar motar da wani birni ya gama da ita, ko ya ci gaba da lallaɓa wadda ta shekara talatin a tasha.

Hanyoyin Neman Kuɗi

Kusan babu dabarar da waɗannan ƙungiyoyi ba su gwada ba. Akwai gasa kaji a sayar, da soya kifi a ranakun Juma'a na azumin Kirista, da karin kumallon safiyar Lahadi. Akwai ba da hayar zauren tasha ga masu biki. Akwai bikin shekara-shekara na kwanaki da lilo da wasannin yara da rumfunan abinci. Akwai aika wa ko wane gida wasiƙar neman taimako. Akwai kuma tsayawa a mararrabar hanya da dogon takalmin aiki a hannu, mai mota ya tsaya ya jefa abin da ya sawwaƙa.

A gundumar Lancaster ta jihar Fensilbaniya akwai wata al'ada da ta samo asali tun shekarun 1960, wadda ake kira gwanjon taɓo, domin ana yinta ne a ƙarshen hunturu lokacin da ƙanƙara ta narke ƙasa ta caɓe. Jama'ar Amish, manoman nan da suka guji motoci da lantarki saboda aƙidarsu, sukan kawo dawaki da kekunan doki da barguna ɗinkin hannu da kayan noma, a yi gwanjo, wani kaso na cinikin ya shiga asusun tashar kashe gobara. Mutane dubbai kan zo daga nesa. Amma gwanjon yini guda yakan ci shirin watanni, kuma 'yan sa-kai da iyalansu ne ke yin shirin.

Sai kuma caca. Jihar Fensilbaniya ta yi dokar wasan bingo, wani irin tambola, a 1981, ta kuma yi dokar ƙananan wasannin sa'a a 1988, domin ba ƙungiyoyin taimakon jama'a damar samun kuɗi ta wannan hanya. Tsawon shekaru daren bingo shi ne ƙashin bayan tashoshi da yawa. Daga baya aka buɗe manyan gidajen caca a jihar, cacar intanet ma ta shigo, tsofaffin da suka saba zuwa zauren tasha kuma suna ta raguwa, sai cinikin ya ja baya.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna girman abin. A ƙaddara ribar ko wane farantin kaza dala 5 ce bayan an fitar da kuɗin kaza da gawayi. Kafin a tara kuɗin mota ɗaya ta dala miliyan 1, sai an sayar da faranti 200,000. Tashar da ke sayar da faranti 500 a ko wane wata, ba fashi, za ta shekara fiye da 33 kafin ta kai, alhali kafin nan motar da ake son a canja ta daɗe da mutuwa, farashi kuma ya sake tashi. Wannan ma ba a taɓa kuɗin mai da lantarki da inshora da gyaran rufin tasha ba.

Raunin wannan hanya ya fito fili a 2020. Da annobar korona ta sa aka hana taruwa, sai bingo ya tsaya, bukukuwa suka tsaya, zauruka suka zauna babu haya, amma kiran gaggawa bai tsaya ba. Sai da gwamnatin Fensilbaniya ta ware dala miliyan 50 daga kuɗin agajin tarayya ta raba wa tashoshin kashe gobara da na motocin ɗaukar marasa lafiya kafin da yawa daga cikinsu su iya biyan bukatun yau da kullum.

Yadda Nauyin Ke Korar Mutane

A 1984 'yan sa-kai a Amurka sun kai wajen 897,750, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 236 ba. Zuwa 2020 jama'a sun haura miliyan 331, 'yan sa-kai kuwa sun ragu da fiye da 200,000. A tsakanin nan kiran da ake yi wa tashoshi ya ninka har sau uku, daga ƙasa da miliyan 12 a 1986 zuwa fiye da miliyan 36 a 2020. Abin lura shi ne gobara ba ta kai kashi 5 cikin 100 na waɗannan kira ba. Wajen kashi biyu cikin uku na rashin lafiya ne da haɗarin mota, sauran kuma ambaliya ce da zubar sinadarai da ƙararrawar da ta buga a banza.

A jihar Fensilbaniya abin ya fi muni. Wani kwamiti da majalisar jihar ta kafa ya ba da rahoto a watan Nuwamba na 2018 cewa 'yan sa-kai sun ragu daga wajen 300,000 a shekarun 1970 zuwa wajen 38,000. Dalilan suna da yawa. Masana'antun ƙarfe da ma'adinan kwal da ke cikin gari, waɗanda kan bar ma'aikaci ya fita in an yi kira, sun rufe. Mutane suna tafiya aiki nesa da gida. Miji da mata duk suna aiki. Matasa suna ƙaura zuwa birane. Horon farko kaɗai yakan ci fiye da awa 100, da dare ko a ƙarshen mako, kafin a yarda mutum ya shiga gidan da ke cin wuta.

A kan duk wannan ne aka ɗora neman kuɗi. Saurayin da ya shiga ƙungiya domin ya ceci rai, sai ya tarar an rubuta sunansa cikin masu sayar da tikitin tambola, da masu share zaure bayan biki, da masu ƙirga kuɗi har tsakar dare. Lokacin da ya kamata ya yi atisaye, ko ya zauna da iyalinsa, ya tafi a gindin murhu. In ya gaji ya bari, aikin da yake yi sai ya koma kan waɗanda suka rage, su ma gajiyarsu ta ƙaru. In mutane suka ragu, biki ba ya yiwuwa. In biki bai yiwu ba, kuɗi ba su shigowa. In babu kuɗi, kayan aiki su tsufa, sabon mutum kuma ya ƙi shiga. Haka abin ke zagayawa har wata rana a yi kira babu mai amsawa. Tashoshi da dama sun haɗe da maƙwabtansu, wasu sun rufe ƙofa, wasu garuruwa kuma dole ta sa sun ɗauki ma'aikata masu albashi domin tsaron rana, lokacin da 'yan sa-kai ke wurin aikinsu.

Hannun Gwamnati

Ba za a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. A 1973 wani kwamitin ƙasa ya miƙa rahoto mai suna America Burning, wanda ya bayyana irin asarar rayuka da dukiya da gobara ke yi, kuma a sanadiyyarsa aka kafa Hukumar Kula da Gobara ta Tarayya a 1974. A shekarar 2000 majalisa ta amince da shirin tallafin sayen kayan aiki, wanda ya fara da dala miliyan 100 a 2001, ya kai wajen dala miliyan 750 a 2003, sa'an nan ya sauko zuwa ƙasa da rabin haka a shekarun baya. Akwai kuma shiri na biyu na ɗaukar ma'aikata da jawo 'yan sa-kai. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta tsawaita wa'adin shirye-shiryen biyu.

Sai dai wannan tallafi gasa ce. Tashoshi dubbai ke nema, kaɗan ke samu. Takardar neman tana da tsawo, tana bukatar ƙididdiga da hujjoji, kuma manyan birane suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, alhali a ƙauye shugaban tasha ne zai zauna da dare bayan ya dawo daga gona ko masana'anta ya cika. Ko an samu ma, dole tasha ta kawo nata kaso, wanda ga ƙananan garuruwa kashi 5 ne cikin 100. Watau neman tallafin kansa wani sabon aiki ne da aka ƙara wa ɗan sa-kai.

Jihohi ma suna da nasu hanyoyi. Fensilbaniya da Niyu Yok suna karɓar harajin kashi 2 cikin 100 daga kuɗin inshorar gobara da kamfanonin wajen jiha ke tarawa, a raba domin amfanin 'yan kwana-kwana. Fensilbaniya ta buɗe asusun ba da rance mai ruwan kashi 2 cikin 100 a 1976, ta kuma fara rabon tallafin shekara-shekara a 2003 da dala miliyan 25, wanda daga baya aka jingina shi ga harajin gidajen caca. In aka raba irin wannan kuɗi ga tashoshi wajen dubu biyu, abin da ko wace za ta samu bai kai kuɗin shirya mutum guda ba. A 2016 jihar ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi izinin rage wa 'yan sa-kai haraji. A 2008 kuma ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin tabbatar da cewa akwai aikin kashe gobara a yankunansu, amma ta bar musu su yanke yadda za a yi da yawan abin da za su kashe. Kansilan da ke son a sake zaɓensa ba ya gaggawar ƙara haraji, musamman in ya ga tasha tana lallaɓawa da kanta.

Wani lokaci ma kyakkyawar niyyar gwamnati kan zama sabon nauyi. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta tarayya, watau OSHA, ta gabatar da daftarin sababbin ƙa'idodi da za su maye gurbin na 1980, game da horo da duba lafiya da kula da motoci. Babu mai musun amfanin ƙa'idodin, amma ƙungiyoyin 'yan sa-kai suka yi ca, suna cewa in aka tilasta su ba tare da kuɗi ba, ƙananan tashoshi da yawa za su rufe.

Abin Da Rashin Kuɗi Ke Jawowa

Wanda ke biyan kuɗin wannan gibi a ƙarshe shi ne mai gida. Kamfanonin inshora a Amurka suna amfani da wani ma'auni da ke ba ko wane yanki maki daga 1 zuwa 10, bisa ga kayan aikin tasharsa da yawan ma'aikata da horonsu da samuwar ruwa. Yankin da makinsa ya yi muni, mazaunansa sukan biya inshora mai tsada. Ke nan abin da mutum ya ƙi bayarwa a haraji yana iya fita ta wata ƙofa.

Wasu wurare sun gwada tsarin biyan kuɗin rajista na shekara. A watan Satumba na 2010, a gundumar Obion ta jihar Tenesi, wani gida ya ƙone ƙurmus domin mai shi bai biya dala 75 da garin South Fulton ke karɓa daga mazauna bayan gari ba. Motar kashe gobara ta zo ne sa'ad da wutar ta tsallaka filin maƙwabcinsa wanda ya biya. Labarin ya tayar da ƙura a ƙasar baki ɗaya. Masu kare garin suka ce in ana kashe wa wanda bai biya ba, gobe babu mai biya. Masu suka kuma suka ce ba a ciniki da gobara. Tushen abin dai shi ne gundumar ba ta da harajin da ya haɗa kowa.

Ran 17 ga watan Afrilu, 2013, wani rumbun takin zamani ya kama wuta ya fashe a ƙaramin garin West na jihar Teksas. Mutum 15 suka rasu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne, yawancinsu 'yan sa-kai. Hukumar tarayya mai binciken haɗarin sinadarai ta gano, cikin wasu kurakurai, cewa ba a ba waɗannan bayin Allah isasshen horo a kan haɗarin irin wannan taki ba, kuma babu shirin da aka tsara tun da wuri domin wurin. Horo yana bukatar lokaci da kuɗi, su ne kuwa abubuwa biyu da ƙaramar tasha ta fi rashi.

Akwai kuma batun adalci. Unguwar masu hali takan tara a dare ɗaya abin da ƙauyen talakawa ba zai tara a shekara ba, alhali a ƙauyen ne gidaje suka fi tsufa, hanya ta fi nisa, ruwan famfo kuma babu. Muddin tsaron rai ya dogara ga cinikin biki, to, wanda ya fi bukata shi ne zai fi rasawa.

Yadda Wasu Ƙasashe Suke Yi

Ƙasar Jamus ma ta dogara ga 'yan sa-kai, har ma fiye da Amurka in aka duba yawan jama'arta. Tana da wajen mutum miliyan 1 a rundunoni fiye da 20,000, rundunoni masu albashi kuwa ɗari da 'yan kai ne, a manyan birane. Bambancin shi ne dokokin jihohin Jamus sun wajabta wa ko wace ƙaramar hukuma ta kafa runduna, ta saya mata kayan aiki, ta kuma riƙe ta daga baitulmali. Akwai harajin kariyar gobara da ake cirewa daga kuɗin inshora a ba jihohi. Mai kamfani dole ne ya saki ma'aikacinsa in an yi kira, ya biya shi ladansa, shi kuma hukuma ta mayar masa. Rundunonin Jamus sukan yi bukukuwa su tara ɗan abin ƙari, amma motar da ke tasha ta hukuma ce.

A ƙasar Cile kuwa, tun da aka kafa ƙungiya ta farko a birnin Valparaíso a 1851, duk 'yan kwana-kwana 'yan sa-kai ne, har a babban birni. Gwamnati tana ba da kaso, amma 'yan ƙungiya suna biyan kuɗin wata daga aljihunsu, kuma akan gan su a kan titi suna karɓar taimako. A Ostireliya, lokacin gobarar dajin 2019 zuwa 2020, wata mai wasan barkwanci, Celeste Barber, ta buɗe gidauniya a Facebook wadda ta tara wajen dalar Ostireliya miliyan 51 domin rundunar karkara ta jihar New South Wales. Kuɗin sun shigo cikin 'yan kwanaki domin duniya ta ga wuta da idonta. Irin wannan kyauta takan zo bayan ɓarna, alhali mota da horo kafin ɓarna ake bukatarsu.

Wani bincike da aka yi wa NFPA ya ƙiyasta cewa lokacin da 'yan sa-kai ke bayarwa kyauta yana rage wa ƙananan hukumomin Amurka kashe wajen dala biliyan 46.9 a ko wace shekara. Garin da aka yafe wa albashi gaba ɗaya bai kamata ya ga kuɗin mota da riga sun yi masa yawa ba, domin ranar da 'yan sa-kai suka ƙare, zai biya albashin ya kuma sayi motar. Shi ya sa garuruwa da dama suka fara sanya harajin gobara na musamman a kan gidaje, ko su haɗa tashoshi uku ko huɗu ƙarƙashin hukuma ɗaya mai kasafin kuɗi, a ɗauki akawu ya riƙe littattafai, a bar ɗan kwana-kwana ya fuskanci atisaye da amsa kira.

Ga ma'aikatan da ke tsara kasafin ƙananan hukumomi, da ɗaliban da za su gaje su, wannan labari abin nazari ne a duk inda ake maganar ayyukan taimakon kai da kai, ko na 'yan sintiri ne, ko na 'yan agaji, ko na masu gyaran hanya da rijiya. Jama'a suna iya ba da ƙarfinsu da lokacinsu kyauta na tsawon zamani, kamar yadda Amurkawa suka yi kusan shekara 300. Kayan aiki kuwa sai da kuɗi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar da ta karɓi kyautar ƙarfi ta kuma bar wa mai kyautar nauyin sayen kayan aiki, ta shirya wa ranar da zai gaji, tashar kuma ta rufe.